Takalmin Roba a Gonar Teku

Tun kafin motar otal ta gama tsayawa a bakin rairayin Jambiani, Tatu ta gane surukarta.

Ba wai ta taɓa ganinta ba. Mahaifiyar Makame, saurayinta, ta shekara ashirin da biyu tana aiki a Maskat, kuma ba ta yarda a ɗauke ta hoto. Amma jiya bakin Makame ya kasa riƙe magana: uwar ta sauka Zanzibar a ɓoye, ta kama ɗaki a otal, za ta saje da masu yawon shaƙatawa zuwa gonar ciyawar teku inda Tatu ke aiki, don ta ga yarinyar da idonta. In ta ce e, a sa rana. In ta ce a'a, Makame ba ya tsallake maganar uwarsa.

To, ga ta nan. Doguwa, awarwaron zinariya har gwiwar hannu, tabarau kamar murfin tukunya, faffaɗar hula a ka, takalmin roba a ƙafa. A Jambiani kuwa ƙafa ake kallo: mai takalmin roba baƙo ne, mai shiga teku ƙafa tsirara ɗan gida ne. A bayanta wata gajeriyar dattijuwa ta sauko da koɗaɗɗen zane, babu takalmi, tana riƙe mata laima. Ma'aikaciyar otal, ba sai an tambaya ba.

Tatu ta zube a jiƙaƙƙen yashi, ta gaida mai zinariya da Sawahilanci, gaisuwar manya. Matar ta yi murmushi, ta amsa da Turanci, ta ɗauke ta hoto.

"Kin gani ko, Gwaggo?" Tatu ta raɗa wa mai laima. "Wai ta manta yarenmu. Gwaji ne! Ni za a yi wa wayo?"

"Wace ce ita ɗin?"

"Surukata mana. In Allah ya yarda, in kuma ba ki tona ni ba."

Ruwa ya janye can nesa, igiyoyin ciyawa sun fito jere-jere. Tatu ta shige gaba, kai a sunkuye, murya ƙasa-ƙasa kamar ta amarya a kwanan farko. Ta kawar da ƙayar teku daga hanya. Ta shimfiɗa mayafinta a kan dutse don baƙuwa ta zauna. Wanda ya san ta, da ya gan ta a lokacin, sai ya tambaya ko zazzaɓi take yi.

Sai dai ladabin Tatu bai cika wuce minti goma ba. Da mai zinariya ta juya tana ɗaukar jiragen masunta hoto, sai abin ya motsa. Tatu ta ɗaga haɓa, ta yi tabarau da yatsu, ta shiga taka ruwa ƙafa ɗaya-ɗaya kamar zalɓe a kan garwashi. Ta kwaikwayi ƙarar da matar ta saki lokacin da ciyawa ta shafi idon sawunta, har da karkaɗa awarwaron da babu shi.

Laima ta faɗi a ruwa. Dattijuwar ta dafe ciki, hawaye shar-shar.

"Ke 'yar nan, Allah ya shirye ki! Sake yi!"

Ta sake, ta ƙara da yadda matar za ta ɗanɗana miyar kwakwarta bayan biki, tana yamutsa fuska tana neman cokali mai yatsu. Mai zinariya ta waiwayo, nan take Tatu ta koma amarya.

Ita ma Gwaggon tafiyar tata da ɗingishi-ɗingishi, duk tsakuwar da ta taka sai ta ja numfashi. "Daɓen otal ya ɓata miki tafin ƙafa," in ji Tatu. Amma da aka zo ɗaurin ciyawa, baƙuwa ta yi ta fama da zare har ta haƙura, Gwaggo kuwa ta karɓa ta murɗa sau biyu ta zarge, irin ƙullin da rabon Tatu da shi tun kakarta na da rai.

Hira ta yi daɗi, bakin Tatu ya buɗe. Har sirrin Makame ta fasa: ƙato guda, masunci, amma ƙaguwa ta fito sai ya haye kwale-kwale.

"In matar nan ta ce a'a fa?" Gwaggo ta tambaya.

Tatu ta juya zare a yatsa.

"Sai in ci gaba da ɗaurin ciyawata. Amma wallahi, Gwaggo, ban san wanda zan riƙa yi wa wannan haukan ba in ba shi ba."

Ruwa ya fara dawowa, direba ya danna oda. Tatu ta ga dama za ta kuɓuce. Ta fasa kwakwa, ta durƙusa gaban mai zinariya, ta miƙa da hannu biyu.

"Mama, na san ko ke wace ce. Don Allah ki faɗa mini matsayina."

Matar ta shanye ruwan kwakwar tas, ta ce wurin ya yi kyau ƙwarai, ta ɗora wa Tatu hularta a ka, ta shige mota. Motar ta tafi. Babu e, babu a'a.

Tatu ta tsaya da hula a karkace, idanu sun ciko. Sai ta ji ana kakkaɓe laima a bayanta.

"Gwaggo! Sun tafi sun bar ki!"

"Rabu da su, baiwar Allah ce daga Landan, a teburin karin kumallo muka haɗu." Dattijuwar ta zauna a dutse, ta miƙe ƙafafun da suka shekara ashirin da biyu ba su taka wannan teku ba. "Zo ki sake yi mini tafiyar surukar nan sau ɗaya, kafin in je in gaya wa matsoracin ɗan nawa na amince."