Igiyar Kakana

Igiyar rama ce, ta yi baƙi saboda riƙo, tana warin hayaƙi da kifi. Kakana mafarauci ne a Gulma, kuma karensa Baƙi ko tari ya yi masa sai ya tsaya. Duk da haka ba ya shiga mutane da shi sai a ɗaure.

Wata la'asar ina biye da Kaka a bakin kasuwar Argungu, sai ga wani jan kare a sake ya tasar wa wata 'yar tallan nono. Yarinyar ta manne da bango, ƙwarya na rawa a kanta. Mai karen, wani saurayi, yana daga gefe yana dariya.

Kaka ya kwance igiyar daga wuyan Baƙi, ya ce masa, "Zamna." Ya taka a hankali har gaban jan karen mai gurnani, ya dube shi ido cikin ido, ya zura masa igiyar a wuya. Baƙi bai ko motsa ba.

Saurayin ya ce, "Baba, ai bai cizo."

Kaka ya miƙa masa bakin igiyar. "Kai ka san haka, ɗana. Ɗiyar ga hwa, wa ya gaya mata?"

Da rawaninsa ya ɗaure Baƙi muka koma gida, kansa a buɗe. Ban taɓa ganin furfurarsa a waje ba sai ranar, kuma har yau ban ga kan da ya fi shi kwarjini ba.