Mai Magani a Ramin Kuza

Dayis, ɗan ƙwallon wasa mai lambobi, ya gama birgima a kan teburin yankan yadi, ya tsaya a kan ɗaya, lambar rashin sa'a.

"Dafin ya kusa kai wa zuciyar mayaƙinka, Yaya," in ji ƙanwar.

Yau aka fara ba ta jan labarin wasan, a shagon ɗinkin babansu da ke unguwar Kongo-Rasha, inda su biyar ke haɗuwa duk Asabar, kowa da jaruminsa rubuce a takarda. Dokar wasan ɗaya ce: wanda jaruminsa ya mutu, da hannunsa zai yaga takardar.

Yayan ya gyara zama. Shekara biyu yana renon mayaƙin nan.

"Haba 'yar ƙanwata, duk garin ba mai magani?"

"Akwai guda."

"To a kira ta mana!"

Sauran suka sunkuyar da kai. Ba su manta watan jiya ba, da ya datse igiya ya bar jarumarta mai magani a ramin kuza, don ya tsere da akwatin zinariya. Tana yaga takardarta tana hawaye, shi yana ƙyalƙyalawa: "Wasa ne fa, sarauniyar kuka!"

Ta buɗe littafinta, ta zaro takardar nan, a harhaɗe da baƙin zare, ɗinki bisa ɗinki.

"Ga ta. Daga ƙasan rami tana jin kiranka, maganin ma yana hannunta."

Ta tura masa tasa takardar a hankali.

"Ta ce ka miƙo igiyar, Yaya."