Aikin da Ya Gagari Jarumi

"A sake! Wannan ai shirme ne."

Jarumin ya haɗiye yawu. Shekara da shekaru yana fim, manyan daraktoci ma lallaɓa shi suke yi, amma matar nan tun safe take yarfa shi a gaban mutane. Ya gyara zama, ya share gumi. Wayarsa sai kuka take a aljihu. Furodusa ne, wanda ya rantse in bai gan shi yau ba, zai ba wani gurbinsa.

"Hajiya, a yi min uzuri, gobe na dawo."

"Gobe ta Allah ce. Kai da ka iya sa mutane kuka a talabijin, layi ɗaya ya gagare ka? Saki jikinka mana!"

Matan da ke benci suka kwashe da dariya. Ya miƙe zumbur, ya kai bakin ƙofa, ya yi turus. Ya ciro wayar ya kashe, ya dawo ya zauna.

Da ya sake, Hajiya ta sunkuyo ta daɗe tana dubawa.

"To, wannan layin ya fita."

'Yarsa, wadda ta ƙi yarda kowa ya taɓa kanta tun rasuwar mahaifiyarta, ta ɗago daga tsakanin ƙafafunsa tana shafa kitson.

"Baba, ya kusa zama irin na Mama."

Mai kitson ta miƙa masa kibiya.

"Ci gaba, ɗan nan. Saura sauran kan."