Ƙoƙuna Uku da Suka Karkace

Saura mako biyu a miƙa kundin digiri na uku, Malama Kubura ta shiga ofishin Dakta Jatau, malamin da ke duba aikinta. Bincikenta a kan ƙananan ƙwayoyin nan ne da aka gina komai da su, waɗanda babu madubin da ke nuna su. Hanyar saninsu ita ce a harba wasu a kan wasu, a auna inda kowace ta nufa bayan karo, a gwada da abin da lissafi ya faɗa tun kafin a harba. Lissafinta ya dace da awon ko'ina, sai a wuri guda, inda 'yan ƙwayoyi kaɗan suka karkace fiye da ƙima. Ta nemi izinin cire su daga kundin, ta ce kuskuren na'ura ne, ga shi lokaci ya ƙure. Ya tambaye ta ko ta binciki na'urar ta ga kuskuren da idonta. Ta ce a'a. Sai ya nuna mata kujera, ya ba ta wani misali.

Ya ce wata shekara, bayan kogi ya cika ya fara ja baya, wasu masu fito biyu da ke aiki a mashigi ɗaya suka lura cewa in sun kai tsakiya, hancin kwale-kwale yakan ɗan goce, abin da bai wuce faɗin tafin hannu ba. Saman ruwan kuwa sumul. Na farko ya ce hannu ne ke kuskure, ya ƙara bugun filafili ɗaya a wurin, ya manta da zancen. Na biyu ya tara ƙoƙuna talatin. Da sassafe, kafin iska ta tashi, ya hau sama da mashigin ya jera su a kan ruwa, tsakanin kowane biyu kamu guda, ya sake su, ya koma gaɓa yana kallo. Ashirin da bakwai suka wuce sak. Uku da ke jere da juna suka karkace, biyu hagu, ɗaya dama. Ya maimaita safiya uku, kullum a nan suke rabuwa. Ya zuba musu yashi don su ƙara nutsewa, sai karkacewar ta ƙaru. Abokinsa ya ce masa in sana'ar wanke-wanke ya koma, zai aiko masa da kwanukan gidansa.

Shi mai ƙoƙunan bai nutsa ba, bai ga komai ba, amma ya san akwai wani abu kwance a ƙasa, faɗinsa kamar kamu uku, tsakiyarsa daidai inda na hagu suka rabu da na dama, kuma jirgin da ya yi nauyi zai same shi. Ya faɗa wa abokinsa, ya matsar da hanyarsa ƙasa kaɗan. Shi kuwa wancan ya ci gaba da bin tsohuwar hanya lafiya lau, domin 'yan mutane yake ɗauka. Ranar kasuwa ya loda buhunan albasa har ruwa ya kusa bakin jirgin. Da ya kai tsakiya, gindin jirgin ya hau kututturen maɗacin da ambaliya ta kawo ta ajiye, ya tsage. An tsamo mutane, albasa da jirgi suka tafi.

Dakta Jatau ya tura mata takardun kundinta a kan tebur. Ya ce ko dai ta nuna masa inda na'urar ta yi kuskure, ko ta bar ƙwayoyin a kundin, ta lissafa girman abin da zai iya karkatar da su haka, ko da hakan zai sa ta wuce wa'adi.

"Malama Kubura," ya ce, "ruwa ba ya tsami banza."