Ƙarin Maganin Ciwon Baya

"Likita, ƙara mini magani, ciwon bayan nan ya ƙi lafawa," in ji wata tsohuwa, tana ta waiwayen ƙofa.

Likitar ta ɗauki biro, sai ta dakata. Maganin mai ƙarfi ne, yana daɗewa a jiki, in ya taru yakan danne numfashi.

"Mama, yana sa ki barci?"

"Barci kam! Tun safe nake tashinsa, minshari kawai yake yi."

"Tashin wa?"

Tsohuwar ta sunkuyar da kai. "Maigidana. Shi nake ba. Nasa ciwon ya fi nawa, kuma ya ƙi zuwa asibiti. Ni zan iya daurewa."

Likitar ta miƙe zumbur, ta fizgi allurar karya maganin.

"Tashi, Mama, nuna mini gidan."