Fitilar Karen Nomau

"Kai ka kashe mini 'ya, Nomau." Da haka tsohuwa Tabawa ta faɗo zauren mai gari, ko sallama babu.

Tun da hukuma ta ɗaura wa karnuka fitilar gane cuta a wuya, ba a yi wa kowa allurar haukan kare sai fitilar ta yi ja. Haskenta na korar nama, shi ya sa Nomau mafarauci ya mayar da ta karensa wuyan akuya. Dila ya ciji karen a daji, karen ya ciji Ladidi, 'yar Tabawa. Asibiti suka duba na'urar da ke karɓar saƙon fitilun, suka ce kare lafiya lau. Ladidi ta mutu tana gudun ruwa.

Tabawa ta jawo akuyar gaban mai gari, wuyanta na walƙiya kore shar.

"Ranka ya daɗe, ga karen da likita ya duba. Ko Nomau ko likitan, yau sai ɗaya ya amsa mini."