Sallama a Ƙofar Gwaggo Kubura

Tun da aka saka wa kowace ƙofa na'urar da ke sauraron masu shiga, kantuna suka daina aiko da talla iri ɗaya. Kowa da irin saƙonsa.

Ranar Laraba Gwaggo Kubura ta ɗauki wayarta ta je ofishin talla na bakin kasuwa.

"'Yar nan, da ana nuna min tabarmar baƙi da babbar tukunya," ta ce wa ma'aikaciyar. "Yanzu kullum sai cokali ɗaya, kofi ɗaya. Ki gyara min."

Ma'aikaciyar ta duba allonta, ta rage murya. "Ba lalacewa ya yi ba, Gwaggo. Da yawan sallamar da ake yi a ƙofarku yake zaɓa. Wata bakwai ke nan ba wanda ya yi."

Gwaggo ta gyara mayafi, ta yi godiya.

Da ta iso gida sai ta tsaya a ƙofa, ta waiga hagu da dama, ta ce, "Salamu alaikum." Ta shiga, ta amsa wa kanta.

Kafin la'asar saƙo ya shigo: kofi biyu, masu zanen fure. Ta daɗe tana kallonsu, sannan ta ce a kawo.